Zauren Tambaya da Amsa: kwandon sayayya da ke canzawa ba tare da shafi ya sake lodi ba

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka, ina gajiya ina kuma zafin Damagaram. Saƙonnin wannan makon kusan duk sun taru ne a kan abu guda, wato kwandon sayayya na shagon intanet, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya.

Tambaya ta farko daga wani matashi ne a unguwar Birni, ga abin da ya rubuto:

"Malam barka da aiki. Kawuna baduku ne, yana ɗinka takalma da jakunkuna da filon fata, to ni na ɗan koyi PHP sai na haɗa mashi shago a intanet don ƴan Yamai da Maraɗi su riƙa yin komand. Matsalata ita ce duk sanda mutum ya danna maɓallin saka a kwando sai shafin gaba ɗaya ya yi fari ya sake lodi, hotuna su sake sauka, kuma ya maida mutum can sama inda ya faro. In rezo ba kyau sai ya daɗe yana juyi. Mutane sun ce yana cinye masu mega, da yawa sun koma turo saƙo ta WhatsApp. Yaya manyan shaguna suke yi lambar kwando ta canza nan take shafin bai motsa ba?"

To ƙanena, da farko dai Allah ya yi maka albarka, wallahi na ji daɗin saƙon nan, yaro ya tashi ya taimaki sana'ar gidansu da abin da ya koya, irin ku muke so su yawaita a garin nan. Kuma abin da kake tambaya ba wani sihiri ba ne, in ka iya PHP, harshen kod da ake gina shafukan intanet da shi, har ka haɗa kwando mai aiki to rabin tafiyar ka riga ka yi ta.

Bari mu fara da abin da ke faruwa yanzu a shafinka. Maɓallin nan naka yana cikin fom ne, ko kuma mahaɗi ne kawai, to shi burauza tun asali abin da ya sani kenan, in an danna sai ya aika buƙata wurin sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, sabar ta gina sabon shafi tun daga kai har ƙafa ta maido, shi kuma ya watsar da tsohon ya shimfiɗa sabon. Ka ɗauka kana Kasuwar Dole gaban rumfar mai takalma, ka ce a ƙara maka guda cikin leda, sai mai rumfa ya kwashe duk kayan da ya baje ya kai sito ya dawo ya sake baje su ɗaya bayan ɗaya kana tsaye a rana, sannan ya miƙo maka takalmin. Ai ba mai dawowa wurinsa. Abin da ake so shi ne ya aiki yaro sito da gudu ya dawo da saƙo, rumfa tana nan yadda take, kai kuma kana ci gaba da duba kaya. Wannan aiken yaron shi ne JavaScript, harshen kod da ke aiki cikin burauza, ke yi maka a bayan fage.

Dabarar ta daɗe fa. Kamfanin Microsoft ne ya fara fito da abin da ake kira XMLHttpRequest, hanyar aika saƙo wurin sabar ba tare da sake lodi ba, ya shiga burauzarsu ta Internet Explorer 5 a 1999, amma mutane ba su farga da ƙarfinsa sosai ba sai da Gmail ta fito a 2004 da Google Maps a 2005, aka ga shafi yana karɓo sabon bayani bai sake lodi ba. A cikin Fabrairun 2005 ne wani Ba'amurke, Jesse James Garrett, ya laƙaba ma salon suna Ajax. Daga wajen 2015 kuma burauzoji suka fara zuwa da fetch, mai irin wannan aikin, wanda ya fi sauƙin rubutu nesa ba kusa ba, shi zan ba ka shawara ka kama, kusan duk wayar Android da ke hannun mutane yau tana gane shi.

Yanzu ga aikin. A ɓangaren PHP za ka yi wani ɗan fayil, mu ce kara.php, wanda ba ya maido da shafi ko kaɗan. Aikinsa ya karɓi lambar kaya da adadin da ake so, ya duba cikin rumbun bayananka ko kayan yana nan, ya ɗauko farashi daga can, ya saka cikin kwandon mutumin da ke cikin $_SESSION, ma'ajiyar da PHP ke riƙe ma kowane baƙo, sannan ya amsa da JSON, wani tsarin rubutu da kod ke iya karantawa, ta hanyar json_encode. Amsar ƴar ƙarama ce, layi biyu uku na rubutu, ba hoto ba komai, ka ga inda megan kiliyan ɗinka ya tsira kenan. A ɓangaren shafi kuma wani abu kamar haka:

maballi.addEventListener('click', async function (e) {
  e.preventDefault();
  maballi.disabled = true;
  try {
    const amsa = await fetch('kara.php', { method: 'POST', body: new FormData(fom) });
    if (!amsa.ok) throw new Error(amsa.status);
    nunaKwando(await amsa.json());
  } catch (k) {
    nunaMatsala();
  }
  maballi.disabled = false;
});

Layin preventDefault ɗin nan shi ne ke ce ma burauza dakata, kar ka yi abin da ka saba, ni zan aika da kaina. In ka manta shi komai zai tafi daidai amma shafin na iya sake lodi kamar da, ka zauna kana ta neman laifi a inda babu.

Sai dai ni inda nake so ka tsaya ka natsu shi ne wurin nunaKwando, aikin da za ka rubuta don nuna kwando a allo, don a nan mafi yawan yaranmu suke zamewa. Sai ka ga mutum ya rubuta cewa in an danna a ɗauki lambar da ke kan allo a ƙara mata 1, a ɗauki jimillar kuɗi a ƙara farashi, shikenan. A kwamfutarsa a ɗaki abin zai yi kyau ƙwarai. Amma a waje fa? Rezo ya ɗauke a tsakiya, saƙon bai isa ba, allo ya ce kaya 3 sabar ta ce 2. Ko takalmin ya ƙare wani ya riga shi saye. Ko mutum ya buɗe shagon a shafi biyu yana sakawa nan yana sakawa can. Ranar biyan kuɗi sai a ga lissafi biyu, kiliyan ya ce an cuce shi, kuma a sana'a irin ta kawunka amana ita ce jari, mutumin Yamai da bai taɓa ganin fuskarku ba in ya ga kuɗi ya canza a gabansa ba zai tsaya jin bayani ba. Don haka ƙa'idar ita ce allo ba ya lissafi da kansa. Duk sanda aka taɓa kwando, ƙari ne ko ragi ko cirewa, sabar ta maido da kwandon GABA ƊAYA, jerin kaya da adadin kowane da jimilla, sai aiki guda ɗaya tak, wato nunaKwando, ya ɗauki wannan amsar ya gyara ko'ina da kwando ke bayyana, ƴar lambar da ke sama kusa da hoton kwando, jerin da ke buɗewa a gefe, da jimillar ƙasa. Wuri uku amma bakinsu ɗaya, tunda daga amsa ɗaya suka sha.

Kuma dan Allah kar ka yarda farashi ya taso daga wayar mai saye. Duk abin da ke cikin shafi mutum na iya buɗe shi ya canza, yaron da ya ɗan san kwamfuta sai ya danna F12 ya maida jakar jika 15 ta koma dala 20 ya aika. Daga waya lambar kaya da adadi kawai za ka karɓa, shi ma adadin ka tabbatar lamba ce cikakkiya mai kyau, ba sifili ba, ba ta ƙasa da sifili ba, ba kuma ta wuce abin da ke sito ba.

Abu biyu ƙanana kafin in bar ka. Shi fetch ba ya ɗaukar amsar 404 ko 500, lambobin da sabar ke maidowa in an samu matsala, a matsayin kuskure, a wurinsa tunda sabar ta amsa to an yi nasara, shi ya sa na sa maka duba amsa.ok, kar ka cire. Sannan wurin rubuta sunan kaya a allo ka yi amfani da textContent, ka guji zuba rubutu kai tsaye cikin innerHTML, musamman in akwai abin da mai saye ya rubuta da hannunsa kamar sunan da yake so a buga a jikin jaka, don ta nan ake cusa ma shafi mugun kod. Kuma fom ɗinka na da kar ka rushe shi, ka bar shi a ƙasa yana aiki, in wata tsohuwar waya ta kasa gudanar da JavaScript ɗin to mutum zai iya saye ta tsohuwar hanya, gara shafi ya sake lodi da a rasa ciniki.

Tambaya ta biyu daga wata Hajiya ce a Sabon Gari mai sana'ar turaren wuta da humra:

"Malam ni ban san kan waɗannan abubuwa ba, wani yaro ne ya buɗe min shago da WooCommerce na biya shi. To kiliyan suna kirana suna cewa sun saka kaya amma kwando yana nuna 0. Wata kuma ta danna sau uku don ta ga kamar bai shiga ba, da ta zo biya sai ta ga kwalba uku, ta yi fushi ta fasa. Me zan ce ma yaron ya gyara?"

Hajiya barka da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a nema. Ki kwantar da hankalinki, shagonki bai lalace ba, kuma ba lalle yaron ya yi ha'inci ba, wannan matsala ce da ta addabi masu WooCommerce, manhajar buɗe shago a kan WordPress, a ko'ina cikin duniya. Kayan suna shiga kwando, allon ne bai samu labari ba.

Ga yadda abin yake. Don shafi ya riƙa buɗewa da sauri, ana sa wani pulogin irin su LiteSpeed Cache ko WP Super Cache, shi kuma aikinsa ya ajiye kwafin shafi da aka riga aka gina ya riƙa miƙa ma duk wanda ya zo, ba sai an sake ginawa ba. Abu ne mai kyau, musamman a irin rezonmu. To amma kwafin nan an ɗauke shi ne lokacin da kwando ba komai, don haka kowa ya zo 0 zai gani. Masu WooCommerce sun san da haka sai suka yi wani ɗan kod mai suna cart fragments, bayan shafi ya buɗe sai ya tambayi sabar a ɓoye me ke cikin kwandon wannan mutumin, ya gyara lambar. Sai dai shi ma yana da nauyi, yana jinkirta shago in baƙi sun yi yawa, shi ya sa masu haɗa shafi da yawa suke kashe shi, kuma tun daga WooCommerce 7.8 da ta fito a 2023 su kansu sun daina kunna shi a kowane shafi sai inda aka sa ƙaramin kwandonsu. To in yaronki ya ɗinka nasa hoton kwandon a saman shafi da hannu, ba mai gaya ma lambar ta canza.

Ki nuna mashi wannan amsar, ki ce ya duba ko wc-cart-fragments yana lodi a shafukan kaya, in kuma kwandon sama nasa ne na hannu to ya haɗa shi da woocommerce_add_to_cart_fragments don a riƙa sabunta shi tare da sauran. Ya kuma tabbatar shafin kwando da na biyan kuɗi da na asusun mutum ba sa shiga cikin kwafin da ake ajiyewa, wannan ma ya fi komai muhimmanci, don in aka yi sakaci wata na iya ganin kwandon wata. Akwai kuma wani ɗan akwati a saitin WooCommerce ɓangaren kaya da ke kunna saka kaya ta Ajax a shafukan jeri, ya duba ko an yi mashi alama.

Batun kwalba uku kuwa, wallahi baiwar Allahn nan ba ta yi laifi ba, kowa haka zai yi. Ka danna abu shiru, ba motsi ba alama, ai dole ka sake dannawa. A ofis mai waya mai ƙarfi amsa tana dawowa kafin ƙiftawar ido shi ya sa mai haɗa shafin bai taɓa ganin matsalar ba, amma mace tana cikin gida a Garin Malam da rezo sanda ɗaya, ko an ɗauke kuran, eriya tana tangal-tangal, amsar na iya ɗaukar daƙiƙu masu yawa. Maganin shi ne da zarar an danna, maɓallin ya kulle kansa, rubutunsa ya koma "ana sakawa..." ko wani ɗan abu ya riƙa juyawa, in amsa ta zo ya nuna "an saka" a fili inda ido zai gani, in kuma ba ta zo ba bayan ɗan lokaci ya faɗi gaskiya, "bai shiga ba, a sake gwadawa". Kuma kafin a sake gwadawar ya fara tambayar sabar halin da kwando ke ciki, don wani lokaci saƙon ya isa, amsar ce ta ɓace a hanya, in aka sake aikawa kai tsaye an koma gidan jiya. Ni a ganina Hajiya kar ki karɓi aikin sai kin gwada da kanki a wayarki, da megan ki, a cikin ɗakinki inda rezo ya fi wahala, ki saka ki cire ki koma baya ki dawo. Haƙƙinki ne, kuɗi kika biya.

Ta uku daga wani ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou, ya ce:

"Malam me zai hana in ajiye kwandon duka a localStorage na waya, ba sai na dami sabar ba? Ai ya fi sauri kuma ko ba rezo yana aiki."

Tunaninka yana da kyau ɗalibi, kuma a ƙasa irin tamu da rezo ke zuwa yana tafiya akwai amfaninsa, mutum ya tara abin da yake so ko da layi ya yanke. Amma ka san iyakarsa. Shi localStorage, ƴar ma'ajiyar da burauza ke ba shafi, yana zaune ne a burauza guda a waya guda, in mutum ya fara a wayarsa ya koma kwamfutar siber ba zai ga komai ba, in ya share bayanan burauza don waya ta cika, wanda mutanenmu suna yawan yi, kwando ya tafi. Kuma waya ba ta san cewa kaya ya ƙare ba ko farashi ya tashi jiya da dare. To ka ajiye lambar kaya da adadi a ciki ba laifi, amma da zarar rezo ya dawo, kuma dole kafin biya, ka tura jerin wurin sabar ta duba ta maido da farashi da jimilla na gaskiya, in akwai abin da ya canza ka gaya ma mutum ƙarara kafin ya tura kuɗinsa ta Airtel Money ko Nita, don maido da kuɗi bayan an tura wahala ce ga kowa.

Tunda ɗalibi ne kai bari in ƙara maka wasu da za ka ci karo da su. In ka sa maɓallan ƙari da ragi a jikin kowane kaya, mutum zai danna ƙari sau biyar a jere da sauri, in kowace dannawa ta tashi da nata saƙon to amsoshin ba lalle su dawo a jere ba, ta uku na iya zuwa bayan ta biyar ta maida allo baya. Sai ka jira kamar rabin daƙiƙa bayan dannawar ƙarshe ka aika saƙo guda, kuma ka aika adadin ƙarshe, wato "ya zama 5", maimakon "ƙara 1", ta haka ko saƙon ya tafi sau biyu ba abin da zai ɓaci. Tsohon saƙon da ke hanya kuma AbortController yana soke shi, da shi ne ma za ka sa ma fetch wa'adi tunda shi kansa ba ya da wurin da za ka ce ya haƙura bayan daƙiƙa kaza. Sannan maɓallin komawa baya, burauza takan maido da shafin yadda ta bar shi da tsohuwar lamba, ka saurari pageshow, sanarwar da burauza ke bayarwa duk sanda shafi ya bayyana, ka sake tambayar kwando a nan.

Wurin kuɗi mu mun huta, sefa ba ta da ɗigo, lamba cikakkiya ce, masu dalar Amurka da yuro su ne ke fama da JavaScript da in ka ce ya haɗa 0.1 da 0.2 sai ya ba ka 0.30000000000000004. Amma muna da tamu, mu a baki da dala muke ƙirga, dala ɗaya tamma 5, jika ɗaya tamma 1000, to a rumbun bayanai da kan allo ka tsaya a kan sefa kawai ka rubuta 7 500 F a fili, toLocaleString('fr-FR') zai raba maka dubban. In kana so ka taimaki wanda ya saba da lissafin kasuwa ka ƙara mashi a ƙasa da ƙaramin rubutu, jika 7 da rabi, amma kar ka taɓa ajiye wani farashi da dala wani da sefa, ranar da suka haɗu a jimilla guda ba mai raba su.

Ta ƙarshe gajera ce, wani daga Zango ya ce shin sai ya koyi React ko jQuery, wato kayan aikin JavaScript da aka riga aka haɗa, kafin ya iya wannan, don an ce mashi ba a yi sai da su.

A'a ɗan'uwa, ba haka ba ne. jQuery tun 2006 take, ta yi amfani sosai a zamanin da kowace burauza ke da nata hali, kuma har yau za ka same ta cikin WordPress, in shafinka yana da ita to yi amfani da $.ajax ɗinta ba laifi. React kuma kamfanin Facebook ne ya sake ta a 2013, tana da kyau ga babban aiki mai sassa da yawa, amma shagon kaya 30 ko 50 ba ya buƙatarta, nauyi kawai za ka ɗora ma wayar mai saye ya sauke da megansa. In kuma Shopify kake amfani da shi to sun riga sun tanadar maka /cart/add.js da /cart/change.js da /cart.js, ka kira su da fetch kamar yadda na nuna ma ɗan Birni a sama, ka ɗauki amsar /cart.js mai ɗauke da kwandon gaba ɗaya ka gyara allo da ita.

Masu tambaya a kan haɗa shago da biyan kuɗi ta waya na ga saƙonninku, suna da yawa kuma maganar tana da tsawo, in Allah ya kai mu mako mai zuwa da su za mu fara.